Shekarar da Na Rama wa Teku Ziyara

Na sha jin ku, in kun taru a tsakar gida ranar Sallah, kuna ba 'ya'yanku labarin tafiyata teku, kuma kowace shekara labarin ƙara ƙiba yake yi. Na ji an ce guduwa na yi na bar uwarku da tsohon ciki. Na ji an ce zinariya na je nema na dawo da laka. Wanda ya fi damuna shi ne da ake cewa kakanku Alhaji ya yi fushi da ni har ya daina yi mini magana. To, laka dai na dawo da ita, wannan ban musa ba. Amma Alhaji bai daina yi mini magana ba, domin bai taɓa farawa ba. Ni ne ɗansa na fari, kuma a gidanmu na Ƙofar Dundaye a wancan zamani, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin ƙanwarsa, Gwaggo, ita ta raine ni. In Alhaji yana son a gaya mini wani abu, sai ya ce wa Gwaggo, "A hwaɗa ma wancan yaro," ko da kuwa wancan yaron yana tsugune a gabansa. Ke Rukayya, ke ce ta farina, ga shi na rubuta sunanki ɓaro-ɓaro ban ji komai ba. Zamani ke nan.

Alhaji falken hatsi ne, ya gaji sana'ar daga ubansa, kuma kowa ya ɗauka ni zan gaji rumfar. Sai boko ya ja ni, na ƙare a jami'a ina koyar da ilimin duwatsu. A cikin ilimin duwatsun ma na zaɓi abin da ido ba ya gani. Akwai wasu ƙananan halittu da ke yawo a ruwan teku, kowace ba ta kai ƙwayar gero ba, amma tana da ɗan ƙoƙonta mai tauri kamar na katantanwa. In sun mutu, ƙoƙunan su nitse a hankali su kwanta a ƙasan teku, na yau a kan na jiya, har laka ta taru ta zama tudu. Abin daɗin shi ne kowane iri yana da zamaninsa. Ya bayyana, ya yi yayinsa, ya ɓace, kuma ba ya sake dawowa. In ka san wane ya riga wane, to in an ba ka ɗan yankin laka ka wanke ka duba a madubi mai ƙara girman abu, za ka iya cewa wannan lakar ta kwanta tun shekaru miliyan kaza. Ni da duwatsun Kalambaina da na Dange na koyi wannan aiki, domin farin dutsen nan da muke takawa cike yake da waɗannan ƙoƙuna. Teku ta taɓa kwanciya a ƙasar Sakkwato, tun kafin a yi mutum a bayan ƙasa. Na yi shekaru ina gaya wa ɗalibai haka, alhali ni ban taɓa ganin teku da idona ba.

A shekarar da nake ba ku labari, wani malamina da ya koma ƙasarsu ya aiko cewa akwai jirgin ruwa na masu bincike da zai je tsakiyar teku ya haƙa ƙasanta, kamar yadda ake haƙa rijiyar burtsatse, ya riƙa fito da laka a cikin bututu. Suna neman wanda ya san ƙoƙunan nan, wanda zai riƙa gaya musu zamanin da haƙan ya kai. Ya ba da sunana. Sai dai suna son amsa kafin wata ya ƙare, in ba haka ba su ba wani gurbin. Na karanta saƙon a ofis, na rufe ƙofa, na yi 'yar rawa ni kaɗai. Ban taɓa son wani abu na duniya kamar yadda na so tafiyar nan ba. Da na koma gida na gaya wa uwarku Balkisu, tana zaune tana tsintar shinkafa, cikinta ya yi nauyi. Ta dube ni sama da ƙasa ta yi dariya.

"Kai da ko kwalekwalen Gulbin Rima ba ka shiga sai ka karanta Yasin, kai za ka teku?"

Na ce, "Wannan jirgi ne babba. Amma ke nake ji. Wa zai zauna da ke?"

Ta ce, "Ni dai gidanmu Minanata za ni haihuwa. Ko kana gari, ɓoyewa za ka yi don kunya, ba wani amfani za ka yi mani ba. Ka tahi. Amma sai Baba ya ce i."

Wannan ma ba sai ta faɗa ba. Na riga na ƙudurta a raina cewa in Alhaji bai sa albarka ba, ko ƙofar gari ba zan fita ba. Matsalar ita ce yadda za a ji ta bakin mutumin da ba ya yi maka magana. Na bi hanyar da aka saba, na aiki Gwaggo. Washegari na je ɗakinta na tsuguna, ta bar ni na gama gaisuwa tsaf, ta ƙara da tambayar lafiyar mutanen da ta gani da safe.

Sannan ta ce, "Na hwaɗa mishi. Ya saurara har nig gama. Yad ɗauki hulatai yat tahi kasuwa."

Na ce, "Bai ce komai ba, Gwaggo?"

"Ko tari bai yi ba. Kai ma ka san abin da shi ka nuhi. Sanda, ka zamna gida. Mu ba Sarkawa masunta ba na, mi ya haɗa mu da ruwa? Kowa yab bar gida, gida ya bar shi."

Sanda take kirana, don sunana Umaru. Duk gidan aka ɗauki shirun Alhaji a matsayin a'a, ni ma haka. Mun saba karanta shi kamar yadda manomi ke karanta gajimare, kuma a wannan karon dukanmu mun karanta ba daidai ba. Gwaggo kuwa, Allah ya jiƙanta, ba ta yi wani ƙoƙarin sake tambaya ba, tunda shirun ya yi mata daidai. Na yi kwanaki ina zuwa aiki kamar wanda aka zare wa laka, ina shirya kalmomin da zan ba malamina haƙuri da su. Wata ya kusa ƙarewa.

Mutum ɗaya ne a Sakkwato Alhaji ke sakin jiki da shi, wato Malam Yohanna, Kirista mutumin Filato, wanda ya koya mini kimiyya a sakandare kafin ya yi ritaya. Wajen sayen masara suka haɗu, ciniki ya zama abota. Kowace Asabar bayan la'asar Alhaji yakan hau kekensa ya je gidan Malam a Gawon Nama, su sha shayi, su yi ta gardama a kan takin zamani da na shanu, ba wanda ya taɓa kayar da wani. Na je na kai wa Malam kukana. Ya cire tabarau ya dube ni irin kallon da yake yi mini in na faɗi jarrabawa.

Ya ce, "Umaru, duk karatun nan naka ba ka gane ba? Alhaji bai san abin da kake yi ba, kuma ba shi da bakin tambaya. Ba zai iya zuwa ganin aikin ɗansa na fari ba. Amma wa zai hana shi kallon abin da ya tarar a ɗakin abokinsa? Kawo madubin nan naka mai ƙara girman abu ranar Asabar."

Haka aka yi. Na naɗe madubin a cikin bargo na ɗora a bayan babur, na kafa shi a kan teburin Malam kusa da taga, na sa 'yan ƙoƙunan a ƙarƙashinsa. Alhaji ya yi sallama ya shigo, ya gan ni, ya wuce ni kamar yadda ake wuce kujera. Na tsuguna na gaishe shi, ya amsa wa bango. Malam ya ja shi da hira har ya kai shi gaban madubin. Da farko idon da ya kamata ya buɗe shi ya rufe, ya ce duhu kawai yake gani. Da aka gyara, ya daɗe a sunkuye, sannan ya ɗago ya gyara rawani.

Ya ce, "Malam, wagga dabarar Nasara ta. Zana su anka yi cikin gilashin."

Ku da ba ku san shi sosai ba, kakanku mutum ne da ba ya sayen buhu sai ya zura hannu har gindinsa. Ya shanye shayinsa ya tafi bai ƙara cewa uffan a kan madubin ba, na ce shi ke nan, tafiya ta sha ruwa. Asabar ta gaba, wadda ita ce ta ƙarshe a watan, Malam ya ce in sake kawowa. Sai ga Alhaji da ƙulli a cikin hankici. Ya kwance a kan tebur, wani dunƙulen farar ƙasa ne mai ɗan tauri, daga rijiyar da ake haƙa masa a gonarsa ta hanyar Dange. Da hannunsa ya ɗauko, bai bari kowa ya taɓa ba.

"Malam, ce ma mai abin ga ya gwada wanga. Gabana."

Na murmushe ƙasar, na jiƙa ta a kwano, na wanke ta a cikin 'yar rariyata mai ƙananan idanu har ruwan ya yi fari tas, na busar da abin da ya rage a kan rishon matar Malam. Duk abin nan Alhaji na tsaye a kaina, yana bin hannuna da ido yadda yake bin ma'auni a kasuwa. Ba kowace ƙasa ke da ƙoƙunan nan ba, kuma in wannan ta fito babu komai, na zama maƙaryaci a gaban ubana. Na barbaɗa garin a kan ɗan baƙin faranti, na leƙa. Ga su nan birjik, wasu a nannaɗe, wasu kamar 'yan tulu, fes da su kamar jiya suka mutu. Na ja da baya. Alhaji ya sunkuya. Shayinsa ya huce bai ɗago ba. Ina jin sa yana tasbihi a hankali.

Da ya ɗago ya ce, "Malam, tambayi mai abin ga, mi ya kai katantanwa gonata?"

Malam ya juyo gare ni, ko murmushi bai yi ba, ya ce, "Umaru, Alhaji na tambaya me ya kai katantanwa gonarsa."

Mu uku ne a ɗaki, tsakanina da ubana bai fi taku ba, amma haka muka yi hirar, kowace magana sai ta bi ta kan Malam kamar kaya a kan iyaka. Na ce a gaya wa Alhaji teku ce ta taɓa rufe wurin. Nan take su biyun suka haɗa baki suka ce ruwan Annabi Nuhu, suka yi musabaha, suna murna yau sun sami abin da ba su yi gardama a kansa ba. Na bar su suka gama jin daɗinsu, sannan na ce a gaya wa Alhaji wannan ruwan ya riga mutane zuwa duniya da nisa. Na bayyana yadda ƙoƙunan ke kwanciya wani a kan wani, da yadda kowane iri ke da zamaninsa, da abin da jirgin yake so in yi. Alhaji ya shafa gemu.

Ya ce, "Ashe rumbu na. Na bana bisa, na bara ƙasa nai. Ni ma in nid debo gero, ina gane na shekarar hwari da ƙanƙantar ƙwaya tai. To shi wanga rumbu, Mai shi ya daɗe shina zuba."

Malam ya ce, "To, Alhaji, an ce yaron ya je ya duba gindin rumbun. Kai kuma ka yi shiru."

Alhaji ya juya ya dubi taga. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Malam, tun ran da anka hwaɗa mani, abu guda ni ka tunani. In ajali ya same shi can, ina za a sa shi? Wa za ya san wurin? Ban hana ba. Bakina na yai nauyi."

A duk rayuwata ban taɓa jin ya faɗi wani abu da ya nuna yana tunanina ba. Na sunkuyar da kai ina kallon siminti. Malam bai ce masa babu abin da zai faru ba, ya dai ce rai na hannun Allah a Dange da kuma a teku, kuma Alhaji ya fi shi sani. Sai Alhaji ya sake leƙa madubin, ya ɗan yi dariya ta hanci, ya soma naɗe sauran ƙasar a hankicinsa.

Ya ce, "Tunda teku ta taɓa zowa har gonata, ba za a ce ba mu san mutunci ba. Zumunta a ƙahwa take. A hwaɗa ma wancan yaro ya je ya rama muna ziyara. Allah shi kai shi lahiya, shi maido shi lahiya."

Malam ya juyo zai maimaita mini, dariya ta ƙwace masa, ni ma ta ƙwace mini, hawaye na zuba. Alhaji ya yi kamar bai ga ko ɗaya ba, ya ce shayin ya huce, a sake wani.

Ba zan cika ku da labarin jirgi ba, kun ji shi har kun gaji. Gaskiya ce na yi kwanakin farko ina rungume da bokiti, kuma duk Yasin ɗin da uwarku ta yi mini tsiya da ita na karanta ta. Da jikina ya saba, na shiga aikin da ban taɓa jin daɗin irinsa ba. Jirgin yakan tsaya cak a wuri ɗaya, ruwa ko'ina ba ko tsuntsu, a zura bututu ya yi ta tafiya har ya taɓa ƙasa. In an jawo shi sama, a yanko mini laka daga bakinsa na ƙasa, mai sanyi kamar daga randa, in ruga in wanke in leƙa, manyan masana na tsaye suna jiran ɗan Ƙofar Dundaye ya ce ga zamanin da aka kai, a ci gaba da haƙa ko a tsaya. Kowane bututu sai na ga wasu iri sun ɓace, waɗanda suka girme su sun fito. Ranar da muka yi nisa har na ga dangin waɗanda na sani a duwatsun gida, na gaishe su da Hausa, abokin aikina ya ɗauka addu'a nake yi.

Ina kan madubin wani hantsi aka kawo mini saƙo daga ɗakin rediyon jirgi cewa Balkisu ta sauka, an sami mace. Murna ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina, mai dafa abinci ya yi mana waina irin tasu aka ci. Sai daga baya na ji cewa haihuwar ta zo da wuya, an kwana biyu ana fargaba, kuma a cikin wahalar uwarku ta yi ta tambaya ko na iso. Ita da ta ce ba ni da amfani. Wannan shi ne kuɗin tafiyar, ita ta biya, ba ni ba. Na nemi gafararta, ta yafe, amma har gobe in mun yi 'yar gardama takan ce ai ni mijin katantanwa ne. Suna ma ba na nan aka yi, Alhaji ne ya yi huɗuba ya zaɓa.

Na dawo Sakkwato bayan Balkisu ta gama wankan jego ta dawo gida. Da la'asar na iso, na yi baƙi na rame. Tun daga bakin layi yara suka karɓe jakata, Gwaggo ta fito ba mayafi tana shafa fuskata tana cewa ashe ruwan bai cinye ni ba. Na shiga zaure. Alhaji na zaune a kan buzunsa, Rukayya na kwance a cinyarsa cikin zani, ashe tun da aka dawo da ita kullum sai an kawo masa. Tsakanin kaka da jika ai babu kunya, amaryarsa yake kiranta. Na tsuguna a bakin ƙofa na gaishe shi. Bai dube ni ba. Ya sunkuya kan jaririyar, ya kama ɗan yatsanta.

Ya ce, "Amarya, ga wani baƙo ya zaka. Ki ce mishi sannu da hanya."

Na ce, "Yawwa."

"Ki hwaɗa mishi tun ran da yat tahi, ban ci tuwo yai mani daɗi ba. Ki hwaɗa mishi duk kasuwa ba wanda ban ba labarin aikinai ba, har sun gaji da ni." Ya ɗan tsaya, ya gyara mata zani. "Ki hwaɗa mishi, ubanki Umaru, na gode Allah da gidana anka haihe shi."

Rukayya ta yi hamma, ta ci gaba da barcinta. Na matsa kusa, na sa hannu a kan ƙafarta, kusa da hannunsa.

Na ce, "Ki ce masa na ji."